Wanzamin da Ya Saɓa Keke

Tun da Sanusi ya fara sayar da kekuna a kasuwar Yankara, bai taɓa ganin mai saye ya fara da saɓa keke a kafaɗa ba sai ranar. Mutane kan matsa taya, su kaɗa ƙararrawa, su haye su zagaya rumfar masu hatsi su dawo. Wannan dattijon kuwa, mai farin gemu da jakar fata a rataye, sunkuyawa ya yi ya zura hannu ƙarƙashin sandar jan keken, ya ɗora shi a kafaɗa kamar damin gero, ya yi taku goma ya dawo ya dire. Sannan ya matsa ya yi wa shuɗin haka.

"Baba, hawa ake yi," in ji Sanusi. "Shi ke ɗaukar mutum."

"Na ji," in ji dattijon, ya sake ɗaga jan.

Sunansa Malam Ɗanlahadi, wanzami ne daga Faskari, shekararsa sittin da ɗaya. Jakar da ke rataye a kafaɗarsa zabira ce, wadda asake da ƙahonin ubansa ke ciki. Mutum ne da ba a yi masa gardama a gama lafiya, kuma duk wanda ya taɓa zama ƙarƙashin askarsa ya san haka, don ba ka iya musu da wanda ya riƙe maka kunne.

Abin da ya kawo shi kasuwa ya faro ne kwana biyu kafin nan, da aka bugo masa waya daga Unguwar Gide, wani ɗan ƙauye can bayan Tafoki. An yi haihuwa a gidan Malam Gide, namiji, tattaɓa-kunnen tsohon na farko. Wanzami ba gona yake gada ba, gidaje yake gada. Kakan Ɗanlahadi ne ya aske Gide ranar sunansa, ubansa ya aske 'ya'yan Gide, shi kuma ya aske jikoki. Ka'idar sana'ar ba a rubuce take ba, amma kowa ya san ta: ranar da wata aska ta hau kan jaririn gida, gidan ya zama na mai ita. A da yana da gidaje goma sha huɗu a wancan yankin. Wasu sun tashi sun koma gari saboda 'yan bindiga, wasu sun gaji da jiransa sun kira Salihu, wani matashin wanzami da ke zaune a can. Gidan Gide ne babba, kuma shi ne ya rage.

Wata huɗu ke nan bai taka can ba. Mota ba ta shiga hanyar, duk duwatsu ce da zaizayar ruwa. 'Yan acaɓa sun daina bi tun da aka ƙwace babura biyu a bakin rafi, kuma ko an samu mai ƙarfin hali, mutanen ƙauyen in suka ji ƙarar babur sai mata su suri 'ya'ya su faɗa cikin dawa. Kwana a can babu zancensa, don sun yi wa kansu doka baƙo ba ya kwana, ko ɗan uwan wane ne. A ƙafa kuwa, zuwa kaɗai ya isa ya cinye wa mai gwiwa irin tasa rabin wuni. Dole ya je ya dawo rana na sama, kuma ba abin da zai yi masa wannan sai keke.

Da ya faɗi haka a gida, babban ɗansa Uwais, mai shagon gyaran waya, ya ajiye cokali.

"Baba, ba a fafe gora ranar tafiya. Saura kwana shida suna, kai kau ba ka taɓa hawa keke ba."

Gaskiya ya faɗa. Ɗanlahadi ya tashi yana bin jakin ubansa da zabira, da uban ya rasu kuma babura sun cika gari, sai keke ya wuce shi bai sani ba.

"Mi ke cikin keke da babu a cikin aska?" ya ce. "Na riƙe kan ɗan kwana bakwai yana zillo ban taɓa yanka shi ba, sai ƙarhe ne zai gagare ni?"

Matarsa Aminatu ba ta hana shi ba. Shekara talatin da biyar ta koya mata cewa hana shi abu kamar zuba wa wuta kananzir ne. Washegari ita ta kamo masa awakin da zai sayar.

Kekunan Sanusi kashi uku ne. Akwai masu araha, waɗanda in ka kalle su da ƙarfi ma sai su lanƙwashe. Akwai guda biyu da ya rataye can sama, waɗanda ba a tambayar kuɗinsu sai an shirya jin baƙar magana. A tsakiya kuwa, inda awakin Aminatu suka kai, sai waɗannan biyun, ja da shuɗi, dukansu masu faffaɗar taya mai haƙora irin na hawan dutse, farashinsu kusan ɗaya.

Jan sabo ne fil, ledarsa ma ba a gama ɓarewa ba. Yana da sifirin gaba da baya, giya ashirin da ɗaya, da burki mai faifai yana walƙiya. Shuɗin gwanjo ne, ya sha hannu a wata ƙasa kafin ya zo nan, fentinsa ya kankare a gefe, sifirinsa na gaba ne kaɗai, burkinsa na roba irin na kowa da kowa.

Kafin a ce mene ne wannan, mutane sun taru, don a kasuwa ba a rasa masu ba da shawarar da ba a nema ba.

"Malam, ɗauki jan. Ko ango ya hau wanga ya hita kunya."

"Sabo ai sabo ne. Wa ya san mi ya kashe mai shuɗin?"

Sanusi ma jan yake turawa, ya danna sirdi ya sake, keken ya yi tsalle. "Ka gani, Baba? In ka shiga rami ba ka ji ba. Kamar kana bisa katifa."

"Sake dannawa."

Ya sake. Ɗanlahadi ya karkata kai yana saurare. Sifirin na baya yana wani ɗan kuka, ƙiƙi-ƙiƙi, kamar ƙyauren da bai sha mai ba. Ya danna na shuɗin da kansa, bai ji komai ba. Ya ƙwanƙwasa jikin kowanne da farce, yadda yake yi wa sabuwar aska a maƙera, ya bi wuraren walda da ɗan yatsa a hankali. Na jan sun yi tudu-tudu an lulluɓe da fenti, na shuɗin a jere suke kamar ɗinkin hula.

"Wanga faifan burki, in ya lanƙwashe a Tafoki, wa zai gyara mani?"

Sanusi ya sosa ƙeya. "Sai dai a kawo nan. Ko Funtuwa."

"Na roban hwa?"

"Wannan ko mai faci ya iya."

"To."

"Baba, duk wanga dogon bincike, hau ka zagaya mana. Ƙafa ce ke zaɓen keke," in ji Sanusi.

Nan ne wurin da wani zai ce ai jikana nake saya wa. Ɗanlahadi ya ji ƙaryar ta zo masa har bakin leɓe, ya ji kunya ta taso masa tun daga ciki, sai haushin kunyar ya fi kunyar ƙarfi. Ya gyara zaman zabirarsa ya ɗaga murya yadda har mai tsire zai ji.

"Ban iya ba. Ban taɓa hawa ba tun da uwata ta haihe ni."

Dariya ta ɓarke. Wani ya ce tsufa ya zo da gardama. Wani ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗanlahadi ya bar su suka gama, yana kallonsu ɗaya bayan ɗaya kamar yana auna gashin kowa.

"Kun ƙare? To ku ji. Wanda ya iya hawa, gudu yake saye. Ni na san hanyar da za ni, na san kaina. Akwai rahi, akwai hawan dutse biyu, akwai inda zan ji tsoro in sauka. Rabin hanya shi zai ɗauke ni, rabi ni zan ɗauke shi. Jan nan ya kai nauyin tunkiya mai ciki, ga shi da surutu a hanyar da ake son shiru. Ba ni shuɗin."

Sanusi bai yi dariya tare da su ba. Ya ɗauko sifana ya sauke sirdin ƙasa sosai, har dattijon zai iya zama ƙafafunsa biyu na taɓa ƙasa. Sannan ya kwance fedojin biyu ya ƙulle su a leda ya miƙa masa.

"Kwana biyu kada ka ɗaura su. Ka samu gangare, ka tura da ƙafa, ka ɗage. In ka iya tsayuwa bisa, sauran wasa ne. Kuma burkin gaba, Baba, kada ka damƙe shi shi kaɗai, zai aje ka a gabansa."

Mutanen Faskari Allah ya hore musu baki. Kafin motar kasuwa ta gama sauke kaya, labari ya zaga cewa an sayar wa wanzami keke babu feda. Da safe wasu suka zo aski ba don gashinsu ya taru ba. Ɗanlahadi ya aske su tas, ya karɓi abin da suka bayar, sannan ya tura kekensa ta tsakiyar gari da rana tsaka zuwa gangaren bayan filin Idi. Ya ce in za a yi dariyar a yi ta gaba ɗaya a huta.

Ranar farko ya faɗi sau tara. Dattijo ne da gemu, ya tattare riga ya ɗaure a ƙugu, yana tura keke da ƙafa biyu kamar agwagwa a tabki. Masu wucewa gona suka riƙa tsayawa. Wani abokinsa mahauci ya ɗauko tabarma musamman ya shimfiɗa a inuwa. Rana ta biyu ya sauko gangaren tun daga sama har ƙasa bai sa ƙafa ba, daɗi ya kama shi, ya manta gargaɗin Sanusi ya damƙe burkin gaba. Keken ya tsaya, shi bai tsaya ba.

Aminatu ce ta wanke masa ƙaurin da ruwan gishiri. Ya ja ƙafa yana tsaki.

"Tsaya mana, Malam. Shekara arba'in kana tsaga mutane kana ce musu ba zahi. Ashe da gaske wanzami ba ya son jarfa."

Uwais na tsaye a bakin ƙofa yana kallon jinin. "Baba, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Gida guda ne. Mu ba mu gaza ciyar da kai ba."

"Ba tuwo nake nema ba."

"To bari in samo babban keke in goya ka."

"A'a." Wannan karon muryarsa ta sauka. "In suka ga saurayi sun ga kuɗi. Ni in suka ɗauke ni sun ɗaukar wa kansu kaya. Ba za ka taka hanyar nan ba ina raye. Amma ka ji, Uwais, an kore mu daga gonar bakin dutse na yi shiru. An hana mu kasuwar dare na yi shiru. Kullum ana rage mana ƙasa kamar ana datsar gashi, mu kau muna sunkuyar da kai. Wanga gidan kakana ya bar mani shi, ba zan aika a ce tsoro ya hana ni zuwa ba."

Da gari ya waye Ɗanlahadi ya fito ya tarar Uwais ya ɗaura fedojin, sarƙa ta sha mai, an saka giyar a wuri mai sauƙi. A kan hannun dama an naɗa jan zare a marikin burkin gaba don ya riƙa tunawa.

Ranar suna ya fita da an sallame asuba, gari ya fara haske. Har Tafoki abin ya yi kyau fiye da zatonsa. Yana tafe yana karkata kamar mai maye, amma yana tafe. Giya ɗaya ya sani, bai taɓa sauran ba, don ya ce ba ya son sabon aboki a tsakiyar tafiya. Inda yashi ya yi yawa ya sauka ya tura. A hawan dutse na farko ya saɓa, ya gode wa Allah da bai biye wa 'yan kasuwa ba. Rafin ya kawo har gwiwa, ya ɗora zabira a ka, keke a kafaɗa, ya haye yana laluben duwatsu da yatsun ƙafa.

Aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi. Yana hango itatuwan kukar Unguwar Gide daga nesa sai ya ji ƙarar babura, ba ɗaya ba, ba biyu ba, daga gabas. Bai tsaya tunani ba. Ya suri keken ya kutsa cikin dawa, ya kwantar da shi a kunya, ya kwanta kusa da shi da fuska a ƙasa. Ya ji tsoro ƙwarai. Baburan suka zo suka tsaya ba nisa, ya ji muryoyi amma bai ji abin da ake faɗa ba. Ko 'yan sintiri ne ko waɗancan ne, bai ɗaga kai ya tambaya ba. Tururuwa ta hau masa wuya ya bar ta. Sai da rana ta ɗaga sosai suka tayar suka yi kudu, shi kuma ya ƙara jira har ƙarar ta ɓace.

Hantsi ya wuce lokacin da ya shiga ƙauyen, a bisa keke, don ya rantse ba zai shiga yana turawa ba. Rigarsa ta yi jar ƙasa, gemunsa duk ƙaiƙayi. Mutanen da ke ƙofar gidan Gide suka miƙe suna kallonsa baki buɗe. An riga an feɗe rago. A bakin zaure Salihu na durƙushe yana wanke hannu, gefensa ƙwarya, baƙin gashi mai laushi na yawo a kan ruwan.

Uban jaririn, jikan Gide, wanda Ɗanlahadi ya aske da hannunsa shekara ashirin da shida da suka wuce, ya taho yana murza hula.

"Baba, wallahi mun jira. Mun ce hanya ta hana ka. Mata suka matsa, rana na yi."

Ɗanlahadi ya sauka. Baƙin ciki ya hana shi amsa gaisuwar Salihu. Kwanakin faɗuwa da dariyar gari, da kwanciya cikin dawa kamar ɓarawo, duk ya zo ya tarar an gama. Ba shi da wanda zai zarga, abin da ya fi ƙona masa rai ke nan. Ya ce Allah ya raya, ya juya kan keken.

"Ɗanlahadi."

Daga gindin darbejiya muryar ta fito. Malam Gide ne zaune a kan buzu, ya tsufa fiye da yadda ya bar shi, ya ja hula har kunne duk da zafin da ake yi.

"Za ka tahi ba ka gaishe ni ba?"

Ya jingine keken ya je ya durƙusa. Tsohon ya dube shi tun daga ƙaurin da ke ɗaure da tsumma har zuwa ƙaiƙayin gemu, ya dubi shuɗin keken, sannan ya sa hannu ya cire hular. Farin gashi ya tashi buzu-buzu, ya sauko har bayan kunne, ya cukurkuɗe a ƙeya.

"Wata huɗu," in ji Gide. "Kullum yaron nan sai ya ce in kawo kai. Na ce masa kan nan da mai shi. Jariri bai san ka ba, ba zai jira ka ba. Ni na san gidanku."

Ɗanlahadi ya daɗe yana kallon kan. Ya san gidan ya tafi, duk wanda za a haifa nan gaba na Salihu ne. Abin da ya rage masa a cikinsa shi ne wannan kan guda, mai shekara tamanin da wani abu. Ya sauke zabira, ya zaro askar ubansa, ya ce a kawo ruwan ɗumi. Ya wasa ta a fata a hankali, ya jiƙa gashin, ya dafa goshin tsohon ya fara daga dama. Bai taɓa yin aski da natsuwa irin ta ranar ba, ko da yake rana na tafiya kuma hanya na jiransa.

"Bayan sati ukku zan dawo," ya ce.

"Ta wagga hanya?"

"Akwai wata?"

Farin gashi na zuba a kafaɗar Gide. "To, in muna da rai."

Ɗanlahadi ya karkata masa kai ya kama kunnen hagu.

"Kai dai tara gashin."